Na sa rautar shagonmu ta riƙa auna jinkirin intanet, ga abin da ta nuna mini

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. A yankinmu na Bakolori, daga Mafara zuwa Bakura da Maradun, duk abin da ya samu intanet sunansa ɗaya: "sabis ba kyau." Alhali cuta ce kala-kala, kuma wanda bai san irin ciwon da ke damunsa ba, ko ya je kemis asarar kuɗi zai yi.

2/ Abin da ya sa na damu: Yayana yana da shagon POS da buga takardu a Talata Mafara, kuma daga shagon nan kuɗin makarantata ke fitowa. Na'urar POS ɗin da kwamfutar duk a kan Wi-Fi ɗaya suke, na rauta mai layin waya.

3/ Ranar Talata, ranar kasuwa, manomi zai sayar da shinkafa ko albasa, a tura masa kuɗi, ya zo cira. Na'ura ta tsaya tana juyi. An zare kuɗi a asusunsa, mu kuma ta ce ba a yi ba. Sai ka ji dattijo yana cewa, "Yaro, kuɗɗina sun hita, ina sunka tahi?" Guminsa ne na wata huɗu. Me za ka ce masa?

4/ Abu na farko: ƙarfin intanet daban, jinkirinsa daban. Duk wanda ya yi noman rani a Bakolori ya san wannan. Faɗin kwata shi ke nuna yawan ruwan da za ta ɗauka. Amma tsawon lokacin da ruwa zai yi daga buɗe ƙofa zuwa isa gonarka, wannan wani lissafi ne.

5/ Masu tallar data faɗin kwata suke sayar maka. POS kuwa ba ta buƙatar ruwa da yawa. Ɗan saƙo take turawa, ta jira amsa, ta sake turawa. In amsa ta yi jinkiri ko ta ɓace a hanya, ciniki ya rataye, ko da sandunan sabis sun cika fam a fuskar waya.

6/ Abin da ake auna jinkiri da shi sunansa ping. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta shi a 1983. Aikinsa kamar sallama ne: ka tura ɗan saƙo, a amsa, ka ƙirga lokacin zuwa da dawowa. Ma'auninsa milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

7/ Matsalar ita ce, in ka yi ping sau ɗaya daga waya, hoton minti ɗaya ka ɗauka. Ni kuma ina makaranta, ba na shago. Ita rauta kullum tana kunne, kuma komai ta kanta yake bi. Don haka ita ya kamata a ba aikin gadin.

8/ Yawancin rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa a kulle suke, ba ka iya ƙara musu komai. Sai na samo ƙaramar rauta ta hannu mai karɓar OpenWrt, manhajar kyauta ce da ake maye gurbin ta asali da ita. Na jona ta da waya a bayan ta layin, na mayar da POS da kwamfuta kanta. Kafin ka saya, duba sunan samfurin a jerin shafin OpenWrt.

9/ Abu biyu za ka sauke a ciki: luci-app-statistics da collectd-mod-ping. Daga nan ka shiga Statistics, ka nemi Ping, ka kunna, ka rubuta adireshin da kake so a riƙa yi wa sallama. Masu MikroTik suna da Netwatch. Masu kwamfutar da ke kwana a kunne kuma akwai SmokePing na Tobias Oetiker.

10/ Zaɓen adireshi shi ne ainihin dabarar. Na sa uku. Na ɗaya, ita kanta rautar layin da ke cikin shago. Na biyu, 8.8.8.8 na Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Na uku, wata sabar da ke Turai. Kusa, tsakiya, nesa. Inda jinkiri ya fara bayyana, nan ciwon yake.

11/ Abu uku da in ba ka kula ba aikin banza ka yi. Na farko, OpenWrt tana ajiye bayanan ne a /tmp, kuma da an ɗauke wuta sun tafi. Ka sa filashi ka mayar da ajiyar can. Na biyu, saita agogo a kan lokacin Legas. Na uku, ɗora rautocin a kan batir ko sola, don ka bambance ɗaukewar wuta da ɗaukewar sabis.

12/ Na san tambayar da ke zuwa: ba zai cinye data ba? Kowace sallama bayit 84 ce zuwa, 84 dawowa. In ka sa ta duk daƙiƙa 10, sau 8,640 ke nan a rana. Bai kai MB 2 ba ga kowane adireshi. Bidiyo ɗaya na status ya fi shi ci.

13/ Yanzu ga abin da na gani bayan sati uku. Da asuba layin zanen kwance yake lumui, ƙasa da milisakan 100. Daga bayan Magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare sai ya koma kamar haƙoran zarto, yana haura 500, wasu saƙonnin ma ba su dawowa. Ranar Talata kuwa tun hantsi ake farawa.

14/ Wani zai ce ai nisa ne, muna ƙarshen duniya. A'a. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato duk kilomita 100 zuwa da dawowa milisakan 1 ne. Daga Mafara zuwa Legas a miƙe bai kai kilomita 800 ba. Ko hanya ta yi kwana-kwana, nisa ba zai ba ka 500 ba. Cunkoso ne, layi ake bi.

15/ Kuma wani cunkoson namu ne na cikin gida. Na lura duk sanda zanen ya yi tsalle da rana tsaka, akwai wanda ke ɗora bidiyo da Wi-Fi ɗin shago. Bidiyon ya cika hanyar fita, saƙon POS ya tsaya a bayansa, kamar mai babur a bayan tirela a kan siririyar gada.

16/ Wannan yana da magani. Akwai luci-app-sqm, wanda ke tsara layi don ƙananan saƙonni su wuce. Ka ba shi adadi ƙasa kaɗan da ainihin ƙarfin layinka. A layin waya ba ya yin daidai ɗari bisa ɗari, don ƙarfin yana hawa da sauka, amma tsallen rana ya ragu sosai.

17/ Cunkoson dare da na ranar kasuwa kuwa ya fi ƙarfinmu, a wajen shago yake. Abin da muka iya shi ne tsari. Biyan kuɗin makaranta da ɗora takardun ɗalibai sun koma safiya. Ranar Talata Yaya yana leƙa zanen kafin ya sa katin mai manyan kuɗi. In ya ga zarto sai ya ce, "Baba, a ɗan jira minti biyar," ko ya koma ɗaya layin.

18/ Wani amfanin: akwai ranar da duk zane uku suna lafiya, amma kuɗi na maƙalewa. Ka ga wannan ba sabis ba ne, daga ɓangaren banki ne. Da can sai a yi ta kashe rauta ana kunnawa, ana ɗaga ta sama kamar mai neman wata.

19/ Ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna sun rikice har nan Arewa. Adireshin nesa don irin wannan ranar aka sa shi, don ka gane cewa matsalar ta wuce garinku.

20/ Mu 'yan Zamfara mun san abin da ya fi jinkiri. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, sai an tsallaka wata jihar kafin a kira ɗan'uwa. Tun daga nan mutanenmu suka saba da cewa in dai akwai sabis, a gode Allah a yi shiru. Godiya wajibi ce. Amma data da kuɗi muke saye.

21/ In ka kira kamfani ka ce sabis ba kyau, za a ce ka kashe ka kunna. In ka ce daga bakwai zuwa sha ɗaya na dare, kwana 21 a jere, ga hoton zane, magana ta canza. Karɓi lambar ƙorafinka ka ajiye. In an yi shiru, hukumar NCC tana da layin kyauta, 622.

22/ Gargaɗi ɗaya: wasu sabobin da gangan ba su amsa ping, wasu kuma suna sa shi a ƙarshen layi. Kada adireshi ɗaya ya yi shiru ka yanke hukunci. Kuma shago ɗaya ba gari ba ne.

23/ Shi ya sa nake neman abokan aiki. Da za a samu mutum ɗaya a Bakura, ɗaya a Maradun, biyu a Mafara, kowa da layi daban, mu auna adireshi iri ɗaya na wata guda, da mun san wane layi ke riƙe amana a wane gari, kuma a wane lokaci. 'Yan Abdu Gusau Poly, ga batun furojet a ɓagas.

24/ Mai sha'awa ya yi magana a ƙasa, ya faɗi irin rautarsa, in na samu sarari bayan lacca zan nuna masa saitin. A tura wa masu POS da kuka sani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nema.