Yaji Ba Saki Ba Ne: Tsokaci a Kan Matuƙan Jiragen Sama

A matsayina na ɗalibin Hausa, kalmar "yaji" ce ta jawo hankalina ga wannan batu. Bahaushe ya aro sunan yajin aiki ne daga zaman aure. Idan mace ta yi yaji ba ta kashe aure ba, ta koma gidan iyayenta ne domin a zo biko a saurari kukanta. Haka ma'aikacin da ya ajiye aiki, biko yake jira.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan Basakkwace da rigimar matuƙan jirgin sama? Da ruwansa ƙwarai. Daga filin jirgi na Sultan Abubakar III alhazanmu suke tashi. Kuma ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba, 2006 ba, da jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah ya ji ƙansu. Abin da ya sami matuƙi, shi zai sami wanda ya ɗauko.

Domin haka, idan ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama, wato NAAPE, ta zauna ciniki da kamfani, ba albashi kaɗai ya kamata mu duba ba. Akwai yawan sa'o'in tuƙi, da hutun da matuƙi zai samu kafin ya sake tashi, da ikon ƙin tayar da jirgin da bai yarda da lafiyarsa ba. Matuƙi ɗaya tilo in ya ƙi, ana iya sallamarsa a kawo wani. Amma hannu da yawa shi ke ɗaukar jinka.

Sai dai a 1976 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta sa sufurin sama cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar da su ba, ta tura husuma zuwa sulhu da Kotun Ma'aikata. Hujjarta ba ta banza ba ce, domin duk wanda ya ga tsoho ya kwana a sansanin alhazai yana jiran jirgi, ba zai yi wa yaji fatan yawaita ba. Amma haƙuri ma yana da farashi. An rushe kamfanin Nigeria Airways a 2003, ma'aikatansa da yawa kuwa sai a 2018 aka soma biyan su ragowar haƙƙinsu, bayan wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Ni a ganina, a sa wa yaji sharaɗi: a ba da sanarwa da wuri, a ƙure hanyar sulhu, a kauce wa lokacin jigilar alhazai. Amma kada a hana shi ɗungurungum. Mijin da ya tabbata matarsa ba ta da ikon fita, da wuya ya gyara halinsa.