Bodele: Inda Hazo Yake Fitowa

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe garuruwanmu. Rana ta yi fari kamar faifai, leɓe ya tsage, uwaye su yi ta shafa wa yara man kaɗe. To, daga ina wannan ƙura take fitowa? Ya ku 'yan makaranta, ku buɗe taswira, yau za mu bi sawunta har gida.

Za mu tashi daga Kano mu bi ta Maiduguri, mu ƙetare zuwa Injamena, babban birnin Cadi. Daga nan sai mu yi arewa ta Musoro, muna bin wani busasshen kwari da ake kira Baharul Gazal. Itatuwa suna raguwa kaɗan kaɗan, har mu shiga rairayi. Can gaba akwai Faya, garin dabino. Kudu maso yamma da Faya kuwa ga wurin da muka nufa, watau kwarin Bodele.

Babu gari a nan, babu gona, babu inuwa. Fili ne fetal, tsawonsa wajen kilomita 500. Shi ne wuri mafi gangare a duk ƙasar Cadi. Ƙasar wurin fara ce fat, in ka murje ta sai ta zama gari kamar alli. Abin mamaki, akan tsinci ƙasusuwan kifi a cikinta.

Me ya kawo kifi hamada? Wajen shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya fi murabba'in kilomita 300,000, Bodele kuwa shi ne wurinsa mafi zurfi. Waɗansu ƙananan tsire-tsire, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya gani, sun rayu cikin ruwan. Da suka mutu sai ɓawonsu ya yi ta taruwa a ƙasa. Ruwa ya janye, rana ta busar da lakar. Ita ce farar ƙasar nan.

Saura mai ɗaukar kaya, watau iska. Arewa da Bodele akwai duwatsun Tibesti, gabas kuma duwatsun Enedi. Iskar hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, ta matse tsakaninsu, ta fito da ƙarfi kamar iskar zugazugin maƙeri. Sai ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Haka yakan faru wajen kwana 100 a shekara. Tsakanin Bodele da Kano ya haura kilomita 1,000, amma kwana ɗaya ko biyu ya ishi ƙurar ta iso.

Yaya aka san wannan duka, ga shi kuwa wurin yana da wuyar zuwa? Masana daga Ingila sun kafa tanti can a 2005, suka auna iska da ƙura na 'yan makonni. Amma mai gadin da ba ya barci shi ne tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba na farko da ya yi nasarar duba yanayi, TIROS-1, ran 1 ga Afrilu 1960. Ƙasashen Turai suka harba Meteosat na farko a 1977. Meteosat yana can sama da kilomita wajen 36,000, yana kewayawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum Afirka tana gabansa. Magadansa na yau sukan aiko da hoto kowane minti 10 ko 15.

Ba haske kaɗai yake gani ba, har zafin da ke tashi daga ƙasa da gajimare yana aunawa. Shi ya sa ko da tsakar dare yana aiki. Masana sukan haɗa waɗannan awo su ba su launi, sai ƙura ta fito ja-ja mai haske. In aka jera hotunan, sai ka ga farin kwarin nan yana tuttuɗo da ƙura kamar hayaƙin ɗakin girki, tana miƙewa wajen Barno da Damagaram.

Wani tauraro mai suna CALIPSO, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, yakan harbo haske ƙasa, ya auna tsawo da kaurin ƙura. Da shi aka lissafta a 2015 cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara yana fita bisa Tekun Atlantika kowace shekara, tan miliyan 27.7 kuma yana sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu. Amma ta Bodele, yawancinta kanmu da kan teku take sauka.

Lalle wannan sani yana da amfani. Ma'aikatan yanayi na Nijeriya da Nijar sukan hangi ƙura tun tana hanya, su gargaɗi matuƙan jirgin sama da direbobi. Lokacin hazo da bushewar iska shi ne kuma lokacin tari, da ciwon ido, da sanƙarau. Cibiyar ACMAD da ke Yamai takan duba ƙura da bushewar iska, ta sanar da ma'aikatan lafiya inda ya kamata su yi shiri. Uwa mai yaro mai asma, in ta ji gargaɗi a rediyo, sai ta rufe masa hanci da ƙyalle, ta ajiye maganinsa kusa.

Duk da haka kada mu tsine wa hazo. A cikinsa akwai fosfaras, sinadarin da ke cikin takin supa. Abin da yake sauka a gonakinmu yana ƙara wa ƙasa ɗan ƙarfi.

Ga aikin da za ku iya yi a makaranta. Ku zaɓi wata bishiya ko hasumiya mai nisa. Kowace safiya ku rubuta ko kun gan ta sarai, ko dishi-dishi, ko ba ku gan ta ba, da kuma inda iska ta fito. Masana ma da irin wannan awo na ƙasa suke gwada abin da tauraro ya faɗa. Ku fara da hunturun bana, ku kuma nuna wa malaminku littafin a ƙarshen Fabrairu.