Ɓargo Ba Ya Zuwa A Kwalba

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san darajar yaɓe. Kowace shekara kafin damina sai an kira magini ya bi katanga yana toshe inda ta tsage. To, mai karatu, jikin ɗan Adam ma haka yake, sai dai shi maginansa a cikinsa suke kwana. Jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke yi su mutu, kuma a kowace daƙiƙa jiki kan ƙera sababbi wajen miliyan 2. Fatar cikin hanji kuwa ko mako ba ta cikawa ba a sabunta ta ba. Masu wannan aiki su ne waɗanda zan kira ƙwayoyin tushe, wato abin da 'yan boko ke ce wa sitem sel. Suna iya haifar irinsu, suna kuma iya rikiɗa su zama ƙwayar da ake buƙata a wurin da suke. Akwai su a ɓargo, da fata, da hanji, da gefen ido, a jikin yaro da babba.

Ni ba likita ba ce, sikila ce ta kai ni wannan karatu. Ɗan yayata, mai shekara 11, da ita aka haife shi. Nasa jajayen ƙwayoyin kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, kuma sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa da hunturu ya kama gidan ba a barci. A wajen wani biki wata mata ta nuna wa Yaya garin magani a kwalba, ta ce sitem sel ne da aka tatso daga tuffa, wai yana warkar da sikila da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki har da rashin haihuwa. Da dare Yaya ta kira ni, ta ce, "Auta, ke da kike karance-karance, duba min abin nan kafin in sayar da awarwarona."

Na ce, "Yaya, ki ba ni mako ɗaya."

Abin da na fara tararwa shi ne maganar tana da tushe. A 1961 wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, suka nuna a jikin ɓeraye cewa akwai irin waɗannan ƙwayoyi a ɓargo. Likita E. Donnall Thomas na Amurka, wanda ya share fagen dashen ɓargo ga mutane, ya samu kyautar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka mai sankarar jini da sikila a haɗe. Aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta saboda sankarar, sai ga sikilar ma ta tafi. A Najeriya an fara wannan dashe a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, na Jami'ar Legas ma ya yi nasa a 2024.

Amma fa aikin ba wasan yara ba ne. Sai an ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi sun kashe ɓargonsa, sannan a saka masa ƙwayoyin wani ta jijiya kamar ƙarin jini. Su da kansu za su nemi hanyar ƙashi su zauna, bayan mako 2 zuwa 4 su soma ƙera jini. A tsakanin nan killace shi ake yi, don ƙaramar cuta na iya kayar da shi. Kowane ɗan'uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, damar ɓargonsa ya dace sarai ɗaya ce bisa huɗu. In an dace, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara sukan rabu da sikilar, sai dai sabon ɓargon na iya juyowa ya yaƙi jikin da ya sauka a ciki, magungunan kuma na iya hana haihuwa, wani ma kan rasa ransa.

Ba jini kaɗai aka gyara ta wannan hanya ba. A 1983 wasu yara biyu 'yan'uwa a Amurka suka ƙone fiye da kashi 90 na jikinsu. Daga 'yar fatar da ta rage musu, ɗakin binciken Howard Green a Boston ya raini sabuwar fata falle-falle aka shimfiɗa musu, suka rayu. A Italiya kuma Graziella Pellegrini da Michele De Luca suka gwada ɗebo ƙwayoyin tushe daga iyakar baƙin ido da farinsa, su raine su, su dasa a idon da sinadari ko wuta ta ƙona. Sun bayyana sakamakon farko a 1997, amma sai a 2015 Tarayyar Turai ta amince da maganin, mai suna Holoclar. Shekara 18 ke nan ana gwaji.

Ka lura da abu ɗaya, mai karatu. A duk waɗannan nasarori, ƙwayar ɓargo jini ta haifa, ta fata fata, ta ido kuma ido. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Inda aka yi iƙirarin fiye da haka, sau da yawa an ji kunya. An shekara da shekaru ana murnar cewa an gano ƙwayoyin da za su sake gina zuciyar da ta lalace, sai a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na ɗakin binciken Piero Anversa saboda bayanan ƙarya. A 2015 kuma, a jihar Florida, wasu tsofaffin mata uku suka biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsensu a idanu biyu. Dukkansu ganinsu ya lalace ƙwarai, ɗaya ta makance gaba ɗaya. In haka ta faru da rayayyun ƙwayoyin mutum, ina ga busasshen gari? Ƙwayar da aka busar ta riga ta mutu, ciki zai narkar da ita kamar tuwo, kuma ƙwayar tuffa ba ta ƙera jinin mutum.

Da na kai wa Yaya wannan bayani, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wato maganin yana nan, mu ne ba mu isa gare shi ba." Wannan magana ta fi komai tsaya min a rai, domin gaskiya ce. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin tushen majiyyaci a gyara su a mayar masa, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 aka sa. Mu kuwa da ake haifa mana jarirai masu sikila kimanin 150,000 a shekara, ko kuɗin dashe a gida ya fi ƙarfin yawancinmu. Yaya ta bar awarwaronta a hannu, ta koma wurin likitan jini da ke duba yaron, sun kuma soma maganar gwada ƙannensa biyu ko akwai wanda ya dace.

Tsakanin maganin da ke akwai da aljihun da bai kai ba, nan masu kwalba suka kafa kasuwa, kuma iyayen da suka gaji da kwanan asibiti su ne masu saye. Ba na ganin laifin uwar da ta miƙa hannu. Roƙona dai, in an kawo maka irin wannan, ka yi tambaya uku: daga jikin wa aka ciro ƙwayoyin, wace cuta guda aka gwada su a kanta, kuma wane asibiti ne zai kwantar da mai jinya ya kula da shi bayan an yi? Wanda ya ce maka abu ɗaya na maganin cuta goma, ka riƙe kuɗinka ka kai yaronka wurin likitan jini.