Zuwa ga Mamana a Sakkwato

Mamana,

Da fatan karatu na tafiya daidai. Mu a Tudun Wada lafiya lau, sai dai zafi ya fara, shi ya hana ni jiran kiranki.

Ke da kike karatun ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, kin fi ni sanin abin da bazara ke zuwa da shi. Amma ni na ga 1996 da idona. A shekarar sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, akasari a Arewa, sama da 11,000 suka rasu. Lokacin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan unguwarmu, bai koma Shika ba. Yaro zai kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, kafin gari ya waye wuya ya sanƙare. A cikin waɗanda suka tashi, akwai waɗanda kunnensu bai sake ji ba. A 2017 kuma cutar ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwaton da kike zaune.

Na san ɗakinku na makaranta a cike yake, ga ki da rufe taga saboda sauro tun kina ƙarama. Ki buɗe tagar, ki shiga gidan sauro, don ƙwayar sanƙarau ta numfashi da tari take bi. A 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na cutar. Ki tambaya a asibitin makaranta.

Mahaifiyarki ta yi dariya da na faɗa mata batunki na cewa bakteriya ce ke mayar da kalwa daddawa, ita ce kuma ke sa madara ta zama kindirmo. Ta ce ashe abin da kika yi ta ture miyar kuka saboda warinsa, shi kika tafi jami'a nema! Ta ɗaure miki ƙulli guda, yana hannun direba.

Sai batun kafso. Kada ki saya a kemis ki sha biyu ki ajiye don jiki ya yi sauƙi. Ke kika koya mini cewa haka ƙwayoyin ke daina jin magani. Idan zazzaɓi ya zo da ciwon wuya, kada ki jira safiya, ki tafi asibiti, sannan ki kira ni ko da tsakar dare ne.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki