Besbol a Jami'o'in Amurka: Wasan Lokacin Zafi da Ake Bugawa Cikin Hunturu

Besbol yana cikin wasannin da Amurkawa suke ɗauka a matsayin nasu na gado, kuma a al'adarsu wasa ne na lokacin zafi, domin ƙungiyoyin ƙwararru sukan buɗe kakarsu ne a ƙarshen watan Maris, su yi ta fafatawa har watan Oktoba. Jami'o'in ƙasar kuwa ba su bi wannan tsari ba, suna fara tasu kakar tun tsakiyar watan Fabrairu, a daidai lokacin da dusar ƙanƙara take lulluɓe da filayen jihohin arewa, abin da ya sa kallon wasan jami'a a Minesota ko Mishigan ya zama aikin juriya, alhali a Luwiziyana ko Filorida shaƙatawa ce ta yammaci. Wannan bambanci na yanayi bai tsaya ga jin daɗin 'yan kallo ba, ya kai ga tantance jami'o'in da suke cin kofi da waɗanda suka daɗe suna hangensa daga nesa.

Kafin a fahimci dalilin da sanyi yake wa wannan wasa illa fiye da ƙwallon ƙafa, sai an san yadda ake buga shi. Kowace ƙungiya tana da mutum 9 a fili, kuma ƙungiyoyin biyu suna karɓa-karɓa ne tsakanin bugu da tsaro. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya wurga ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18 da 'yan kai zuwa ga mai bugu, wanda yake riƙe da sanda, idan ya sami ƙwallon ya maka ta sai ya ruga ya bi zango huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tsakanin kowane zango da na gaba akwai kimanin mita 27, kuma duk wanda ya kewayo ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da zarar masu tsaro sun fitar da masu bugu uku sai a yi musaya, haka za a yi har zagaye 9. Ba a ƙayyade wa wasan mintoci ba, yakan ɗauki awa uku ko fiye, kuma mafi yawan wannan lokaci 'yan wasan a tsaye suke wuri ɗaya suna jiran ƙwallo, ko a zaune suna jiran layinsu ya zo. Ɗan ƙwallon ƙafa gudu yake yi jikinsa ya ɗumama, mai tsaron bayan fili a besbol kuwa yana iya shafe rabin awa ƙwallo ba ta zo wajensa ba, sannan a buƙaci ya zabura da gudu cikin ƙiftawar ido.

Dangantakar wasan da jami'o'i ta samo asali ne daga yankin da sanyin ya fi tsanani. Wasa na farko tsakanin manyan makarantu biyu an yi shi ranar 1 ga Yuli, 1859, a garin Pittsfield na jihar Masacusets, inda kwalejin Amherst ta doke ta Williams da ci 73 da 32. Hukumar NCAA, wadda take kula da wasannin jami'o'i a faɗin ƙasar, an kafa ta a 1906, amma sai a 1947 ta shirya gasar ƙarshe ta besbol a Kalamazoo ta jihar Mishigan, inda Jami'ar Kalifoniya ta doke Yale, wadda a cikin 'yan wasanta akwai George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Tun daga 1950 birnin Omaha na jihar Nebraska ne yake karɓar baƙuncin gasar a kowane watan Yuni. A yau kimanin jami'o'i 300 ne suke cikin rukunin farko na hukumar, a zaɓi 64 su shiga wasannin share fage, daga cikinsu 8 su isa Omaha.

Tambayar da take zuwa a ran mai karatu ita ce, me ya hana a jira sanyin ya wuce? Amsar tana cikin kalandar karatu. Zangon karatu na biyu a jami'o'in Amurka yana ƙarewa a watan Mayu, ɗalibai su watse, don haka aka tsara kakar ta yadda za a kammala wasanni har 56 da doka ta yarda kafin ƙarshen watan, a bar Yuni ga gasar ƙarshe. Bayan haka ƙungiyoyin ƙwararru suna zaɓen sababbin 'yan wasa a tsakiyar shekara, kuma akwai gasannin hutun zafi, irin ta yankin Cape Cod, da suke jiran ɗaliban. Kafin 2008 ma lamarin ya fi haka muni, domin jami'o'in kudu da na yamma sukan fara tun watan Janairu, sai a shekarar ne aka tsayar da rana ɗaya ta farawa ga kowa. Gyara ne mai amfani, amma ranar da aka tsayar ɗin tana cikin Fabrairu.

Bahaushen da yake zaune a Mayil 2 ta Diobu, wanda yake fita kasuwa cikin gumi da ruwan saman Fatakwal yayin da 'yan'uwansa a Kano ko Katsina suke fama da hazo da fashewar leɓe, ya riga ya san cewa ƙasa ɗaya tana iya ɗaukar yanayi biyu a rana ɗaya. Sai dai tazarar da take tsakanin arewa da kudancin Amurka ta fi wannan nisa ƙwarai. Sanyin hunturu a Kano ba ya daskarar da ruwa, a birnin Miniyafolis kuwa ko da rana tsaka a watan Fabrairu ma'aunin Selsiyas yakan tsaya ƙasa da digirin sifili, wato matakin da ruwa yake zama ƙanƙara, a daidai lokacin da mutanen Baton Rouge, mazaunin Jami'ar Jihar Luwiziyana, suke samun kusan digiri 18 da rana.

Wanda ya ƙudurta zuwa kallon wasa a arewa cikin watan Maris ko farkon Afrilu yakan yi shiri ne irin na matafiyi. Yana sa tufafi hawa-hawa, na ciki mai manne wa jiki, sai rigar ulu, sai babbar rigar da take tare iska, da hular da take rufe kunnuwa da safar hannu, kuma gogaggun 'yan kallo sun fi kula da ƙafa fiye da ko'ina, domin daɓen siminti yana zuƙe ɗumin jiki ta tafin takalmi. Yawancin filayen jami'o'i bencin ƙarfe gare su, wanda yake riƙe sanyi ya miƙa shi ga mai zama, don haka bargo biyu ake ɗauka, ɗaya a shimfiɗa ɗaya a lulluɓa. Akwai kuma wasu ƙananan ƙunshi da ake sayarwa, masu ɗauke da garin ƙarfe wanda yake fitar da zafi idan iska ta taɓa shi, ana cusa su cikin safa ko aljihu su yi awoyi suna ɗumama hannu. Zaɓen wurin zama ma ilimi ne, domin ɓangaren da rana take haskawa da wanda inuwar rumfa ta rufe tamkar garuruwa biyu ne, kuma sau da yawa akan ga jama'a suna tashi suna bin rana daga wannan benci zuwa wancan yayin da la'asar take sakaliya. Masu sayar da abinci, waɗanda a lokacin zafi lemo mai sanyi ne kasuwarsu, a wannan lokaci kofi da shayin koko mai zafi ne suke ƙarewa da wuri. Tsohuwar al'adar nan ta miƙewa tsaye a tsakiyar zagaye na bakwai don a miƙe ƙafafu, wadda a watan Yuli nishaɗi ce kawai, a watan Maris buƙata ce.

Waɗanda suke jure wannan ba su da yawa, kuma kusan kowa ya san kowa. Akwai iyayen 'yan wasa, waɗanda wasunsu sun yi tuƙin awoyi don su ga ɗansu ya riƙe sanda sau huɗu. Akwai tsofaffin ɗalibai da dattawan gari masu riƙe da takardar lissafi, suna rubuta sakamakon kowane bugu da alamomin da masu kallon besbol suka gada tun ƙarni na 19. Akwai kuma wakilan ƙungiyoyin ƙwararru a bayan mai cafe ƙwallo, riƙe da na'urar auna gudun jifa. Saboda ƙarancin jama'a, ana jin komai: umarnin koci, kiran alƙalin wasa, da ƙarar sandar ƙarfe, wadda jami'o'i suke amfani da ita tun 1974 maimakon ta katako. Waɗannan mutane sun cancanci a yaba musu, domin zuwansu ne yake nuna wa hukumar jami'a cewa wasan yana da masu so, a lokacin da ake duba kasafin kuɗi ana neman abin da za a yanke.

Sanyin yana sauya wasan kansa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ƙwallon da za ta tsallake katanga a watan Mayu sai ta faɗo hannun mai tsaro a watan Maris. Yatsun mai jifa suna sandarewa, ya kasa murza ƙwallon yadda za ta lanƙwasa a iska, mai bugu kuma idan bai sami ƙwallon a tsakiyar sanda ba, girgizar takan ratsa hannunsa da zafi. Haɗarin tsinkewar jijiya yana ƙaruwa, abin da ya sa rukunin Big Ten, wanda asalinsa ƙawancen manyan jami'o'in arewa ta tsakiya ne, ya kafa ƙa'idar hana fara wasa idan sanyin da jiki yake ji ya kai kimanin digiri 2 ƙasa da sifili. Wasan da aka ɗage yakan koma washegari a yi biyu a rana ɗaya, kuma ba baƙon abu ba ne a ga 'yan wasa da shebur suna kwashe dusar ƙanƙara daga filinsu.

Dabarar da jami'o'in arewa suka daɗe suna yi ita ce ƙaura. Sukan shafe makonni huɗu zuwa shida na farkon kaka suna tafiya Filorida, Tekzas, Arizona ko Karolaina, su buga wasa daga Juma'a zuwa Lahadi a filin abokan hamayya, su dawo aji ranar Litinin, bayan sun yi atisayen hunturu gaba ɗaya a cikin rufaffen zaure. Jami'ar Minesota takan buga wasanninta na gida na farko a cikin U.S. Bank Stadium, filin ƙwallon Amurka mai rufi, wasu kuma sun shimfiɗa ciyawar roba wadda take bushewa da wuri. Duk da haka sakamakon a bayyane yake. Jami'ar Mishigan ta ci kofi a 1953 da 1962, Minesota a 1956, 1960 da 1964, Jami'ar Jihar Ohayo a 1966, daga nan kuwa babu wata jami'a daga yankin manyan tafkuna ko arewa maso gabas da ta sake ɗaga shi, ko da yake Mishigan ta kai wasan ƙarshe a 2019 ta sha kashi a hannun Vanderbilt. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ita kaɗai tana da kofi 12, kuma daga 2019 zuwa 2025 duk gasar da aka yi jami'ar kudu maso gabas ce ta cinye ta. Wasu sun haƙura baki ɗaya: Wiskonsin ta rushe ƙungiyarta a 1991, Jami'ar Jihar Ayowa a 2001.

A kudu kuwa kuɗi da jama'a suna bin rana. Filin Alex Box na Luwiziyana yakan tara sama da mutum 10,000 a wasa, kuma a watan Afrilun 2023 mutum 16,423 suka shiga filin Dudy Noble na Jami'ar Jihar Misisifi don kallon wasa ɗaya, inda magoya baya suke gasa nama a bayan katangar fili. Kuɗin tikiti yana gina filaye, filaye suna jawo haziƙan matasa, har da 'yan asalin arewa, nasara kuma tana ƙara jawo jama'a. Ga wanda ya saba da wasannin jami'o'in Nijeriya, inda gasar NUGA take tara ɗalibai na 'yan kwanaki a jami'a ɗaya sannan a watse, wannan tsari na kasuwanci baƙo ne, kamar yadda shi kansa wasan yake baƙo, duk da cewa an buga shi a Abuja a Wasannin Afirka na 2003.

A 2020 wasu masu horarwa, ƙarƙashin jagorancin Erik Bakich wanda yake kocin Mishigan a lokacin, suka gabatar da shawarar a jinkirta farkon kaka zuwa rabin ƙarshe na watan Maris, a kai gasar Omaha cikin watan Yuli, bisa hujjar cewa hakan zai rage kuɗin tafiye-tafiye da raunin 'yan wasa da fashin aji, ya kuma cika benci da jama'a. Hujjar tana da ƙarfi, domin gasar da ake kira ta ƙasa baki ɗaya bai kamata rabin ƙasar ya shige ta da naƙasu tun ranar farko ba. Masu ja da shawarar suna nuni da kuɗin ciyar da ɗalibai da ba su masauki bayan an rufe makaranta, da karon da za a yi da gasannin hutun zafi da zaɓen ƙwararru, sannan jami'o'in kudu ba su da dalilin sauya tsarin da yake amfanarsu. Ba a karɓi shawarar ba, kakar tana nan tana farawa a tsakiyar Fabrairu, shi kuwa Bakich ya bar Mishigan a 2022 ya koma horar da ƙungiyar Jami'ar Clemson a Karolaina ta Kudu.