Ni da buhu nake lissafin gidana

Jama'a, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ake ta ba mu shawarar sauke manhajar lissafin cefane a waya. Na dudduba su, don mai albashin wata-wata aka yi su. Mu kuwa manoman Tudun Wada, da kaka samunmu yake zuwa. Shi ya sa da na fitar da zakka, sai in kasa buhunan masarata a littafi: na ci, na taki, na makaranta da asibiti. Ko nawa buhu ya kai a Kwanar Ɗangora, na ci ba ya fita, don wanda ya sayar da shi, da damina zai nemo da tsada. Ku fa, ya kuke yi?