Hannun Wa Ka Sauka?

Ranar da na je yi wa kakana sallama a Jabo, cikin watan Janairun 2024, na iske shi a zaure yana murza igiyar guga. Na shaida masa cewa zan tafi Akra, babban birnin Gana, wadda shi da tsararrakinsa har yau suke kira Ankara. Bai tambaye ni abin da zan je yi ba, bai kuma tambayi kuɗin mota ba. Cikin Sakkwatancinsa ya ce, "Hannun wa za ka sabka?"

Na yi dariya na ce, "Baba Tsoho, ai zamani ya wuce nan. Tun ina nan na kama ɗaki ta waya." Ya dube ni ya ci gaba da murzar igiyarsa.

A lokacin ban daɗe da gama digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da hidimar ƙasa ba. Na samu aikin gwajin manhajoji da wani kamfani na ƙasar waje, aikin da ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da wuta da intanet mai ƙarfi, ana kuma biyana da dala. Biyu daga cikin ukun nan ba su da tabbas a gida, shi ya sa na bi wasu abokai da suka riga ni tafiya. Shi kuwa kakana ya yi shekaru yana fataucin goro a Kumasi tun yana saurayi. A zamaninsu falke ba ya shiga gari kai tsaye. Zango yake nufa, ya sauka hannun mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Shi ne kuma mai gaya masa ranar da ba a zuwa gona a ƙasar, da kurmin da ba a shiga, da yadda ake gaida sarki. In baƙo ya yi ɓarna, mai masaukinsa ake kira. Duk na sha jin wannan, amma a matsayin hirar tsofaffi na ɗauke shi.

Na sauka a Osu, unguwar mutanen Ga da ke kusa da teku. Wata huɗu na yi ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Abinci ta waya nake saye, mota ta waya nake kira, abokan aikina suna wata nahiya, abokan hirata ’yan Nijeriya ne da ’yan Kenya masu irin aikina. Falken da dole ta sa ya san mutane, domin a hannunsu cinikinsa yake. Ni arzikina ta sama yake zuwa, babu ɗan gari ko ɗaya a cikinsa.

Wani daren Asabar cikin watan Mayu muka hau saman bene muna murnar wani abokinmu da aka ƙara wa matsayi. Muka kunna lasifika. Ba a yi rabin sa'a ba sai ga samari sun hawo, suka ce a kashe, ɗaya ya cire waya ya rungumi lasifikar zai sauka da ita. Na tare shi ina faɗa da Turanci cewa na biya kuɗin haya, gidan nan haƙƙina ne. Har yanzu ina jin kunyar abin da na ƙara da shi: na ce ni Musulmi ne, al'adarsu ba ta shafe ni ba.

Wata dattijuwa mai sayar da dokunu a bakin ƙofarmu, wadda kullum nake wucewa ba gaisuwa, ita ta raba mu. Ta sallami samarin da yarensu, sannan ta juyo gare ni da Hausa, irin ta mutanen Gana, ta ce, "Yaro, wane ne mai gidanka?" Na ambaci wanda nake biya haya. Ta ce ba mai ɗaki take tambaya ba. Na yi shiru, domin karo na biyu ke nan ana yi mini tambaya ɗaya ba ni da amsa.

Washegari na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, a yi mini aikin gafara." Ita Ga ce, amma a Sabon Zango ta tashi, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20 bisa filin da sarakunan Ga suka ba Hausawa. Ta bayyana mini cewa kowace shekara, bayan limaman gargajiyarsu sun yi shukar farko, majalisar sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya har wata guda, daga Mayu zuwa Yuni, kafin bikin Homowo da ake yi wajen Agusta. Ma'anar sunan ita ce yi wa yunwa ature, tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka tsallake. Hanin ya shafi coci da masallaci da gidan biki, ana kuma sanar da shi a rediyo. Kowa a layin ya sani, har yara, sai mu masu digiri.

Ban yarda da abin da suka yi imani da shi game da wannan wata ba, kuma ba wanda ya nemi in yarda. Shiru kawai aka nema. Na tuna Jabo cikin azumi: da wani baƙo zai zauna bakin kasuwa da tsakar rana yana cin abinci, ya ce ya biya kuɗin ɗaki kuma addininmu ba nasa ba ne, na san abin da samarinmu za su yi, na kuma san da ni za a yi.

Maganar lasifika mai sauƙi ce idan aka gwada ta da wadda ta biyo baya. A bakin Iya na ji cewa kafin zuwana wani malamin makaranta ne a ɗakin da nake, shi da matarsa da ’ya’ya biyu. Dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya ba, amma a aikace masu gidaje kan nemi na shekara ɗaya ko biyu. Malamin ya roƙi a bari ya biya kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na biya shekara guda ba tare da na taya ba, har ina yi wa abokaina alfaharin na samu araha, domin da dala nake lissafi, shi da sidi. Ya kwashe iyalinsa zuwa bayan gari. Ban kore shi da hannuna ba, ban ma taɓa ganinsa ba, amma wannan hujja ba ta taɓa kwantar mini da hankali ba. Da na ga hotunan zanga-zangar da mazauna birnin Meziko suka yi a watan Yulin 2025 kan tsadar haya da baƙi masu aiki ta intanet, na san ba Turawa kaɗai ake nufi ba.

Akwai kuma batun takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zama kwana 90 ba biza. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama. Dabarar wasunmu ita ce a tsallaka Aflao zuwa Lome a kwana, a dawo da sabon hatimi. Na yi hakan sau ɗaya, kafin in tuna yadda zaman kakana ya ƙare. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana, ya dawo Jabo da tabarma da buta. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari, wanda garinsu ba shi da nisa da namu, ta yi irin wannan kora, ’yan Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida. Abin da kakana ya fi maimaitawa a labarin shi ne mai masaukinsa ya sayar masa da ragowar goron da ya bari, ya aiko da kuɗin ta hannun wani direba bayan shekara biyu, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Na tambayi kaina wanda zai yi mini haka a Osu.

Na nemi izinin zama. Na koyi gaisuwar safe da yaren Ga, duk da yara na dariyar lafazina. Ɗakin malamin kuwa ban iya mayar masa ba, abin da na iya shi ne da hayar ta ƙare na koma Nima, na tambayi abin da maƙwabta ke biya kafin in buɗe baki. Da Homowo ya zo Iya ta aiko mini da kwanon abincin bikin, na masara da miyar kwakwar manja. Na tambaye ta abin da aka sa a ciki, ta lissafa mini ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ji haushi ba, sannan na ci.

Da na zo gida da Babbar Sallah ta 2025, kakana ya sake tambayata hannun wanda na sauka. Na ce wata tsohuwa ce mai dokunu. Ya ce, "To, mi ka kai mata?" Na ce ban kai komai ba tukuna. Ya sa aka ɗaure mini buhun albasa ƙarami da ƙullin daddawa, ya ce in gaya mata daga wani tsohon ɗan Kumasi ne.